Barratt O'Hara, mataimakin gwamnan da ya tambayi attajiran Shikago nawa suke biyan 'yan matan da ke musu aiki

Kujerar mataimakin gwamna kusan ko'ina a duniya halinta ɗaya ne, mu nan har safaya muke ce mata, tana bayan mota sai ranar da taya ta fashe ake tunawa da ita. A Amurka ma haka abin yake, musamman farkon ƙarni na 20, yawancin waɗanda suka hau kujerar a jihohinsu yau ko 'yan jihar ba su san sunansu ba. To amma akwai wani mutum ɗaya da labarinsa ya tsaya min a rai, Barratt O'Hara, wanda ya yi mataimakin gwamnan jihar Ilinoi daga 1913 zuwa 1917, saboda shi bai zauna jiran gwamna ya mutu ko ya yi tafiya ba, ɗan ikon da doka ta ba shi ya ɗauka ya je ya taɓo mutanen da ba a saba taɓawa ba, kuma ya sha wahalar abin.

An haife shi ranar 28 ga Afrilu 1882 a garin St. Joseph na jihar Mishigan. Babansa lauya ne, kuma a 1895 ya tafi da shi Nikaraguwa inda aka tura uban aikin ƙaramin jakada, wato tun yana ɗan shekara 13 ya ga wata duniya da ba ta Amurka ba. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifen a 1898 sai yaron nan, shekararsa 15, ya je ya shiga soja cikin rundunar 'yan sa-kai ta 33 ta Mishigan, ya kai kofur, kuma yana cikin waɗanda suka yi wa birnin Santiyago na Kyuba ƙawanya. Bayan ya dawo ya ƙarasa sakandare, ya ɗan taɓa jami'ar Mizuri da ta Northwestern, sai ya faɗa aikin jarida, kuma shafin wasanni ya fara riƙewa, a St. Louis tukuna sannan a Shikago, har littafi ya rubuta a kan tarihin damben boksin. Yana wannan yana karatun lauya har ya gama a 1912. Wannan zama ɗan jarida da ya yi a riƙe shi, don shi ne ya koya masa abin da ke jan idon jama'a, kuma alherinsa da aibinsa duk daga nan suka fito.

Yadda ya samu kujerar kuwa sa'a ce ta haɗu da lokaci. Ilinoi jihar 'yan Rifablikan ce a zamanin, amma a 1912 jam'iyyar ta dare gida biyu, tsohon shugaba Theodore Roosevelt ya ɓalle ya kafa tasa ya yi takara da shugaba Taft, ƙuri'unsu suka rabu tun daga sama har ƙasa, 'yan Dimokurat suka bi ta tsakiya suka wuce. Woodrow Wilson ya zama shugaban ƙasa, Edward Dunne tsohon magajin garin Shikago ya zama gwamna, O'Hara kuma ya kayar da John Oglesby wanda ke kan kujerar mataimaki. Shekararsa 30 kacal. Kuma a lokacin ba tikiti ɗaya ake yi ba, gwamna da mataimaki kowa ƙuri'arsa daban, don haka ba gwamna ne ya ɗauko shi ba balle ya riƙa jin tsoron ya ɓata masa.

Aikin mataimakin gwamna a tsarin mulkin jihar na wancan lokaci bai wuce biyu ba. Ya gaji gwamna in ta faru, sannan ya shugabanci zaman majalisar dattawan jiha, ba ya ma jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Shi kenan. Ba ma'aikata a ƙarƙashinsa, ba kasafi na a zo a gani. Amma zama a kan kujerar majalisar nan ya ba shi kusanci da sanatoci, kuma a watan Fabrairun 1913, kwanaki kaɗan da rantsar da su, majalisar ta kafa kwamitin bincike kan karuwanci da safarar mata, sanatoci huɗu da shi a matsayin shugaba, da ikon aika sammaci da sa mutum ya yi rantsuwa kafin ya yi magana.

Sai an san halin da Shikago, birni mafi girma a jihar, take ciki kafin a gane me ya sa abin ya yi ƙara. Birnin ya haura mutum miliyan 2, baƙi na ta kwararowa daga Turai, 'yan mata na barin ƙauyuka da gonaki suna zuwa neman aiki a masana'antu da manyan kantuna. Akwai unguwa guda da ake kira Levee wadda gidajen karuwai ke buɗe a fili, 'yan sanda da kansiloli na karɓar nasu kason. Duk ƙasar ta cika da labaran wai ana yaudarar 'yan mata ko a sace su a sayar, wasu labaran gaskiya ne wasu kuma ƙari ne na masu sayar da jarida, har majalisar tarayya ta yi dokar Mann a 1910 da ta haramta tsallakar da mace daga jiha zuwa jiha don wannan harka. A 1911 wani kwamiti da magajin gari ya kafa ya fitar da rahoto mai kauri a kan lamarin, a shekarar aka rufe gidan da ya fi kowanne suna, a 1912 aka yi wa unguwar dirar mikiya. To kowa ya ɗauka kwamitin O'Hara shi ma hanyar da aka saba zai bi, a kamo mata da kawalai, a yi wa'azi, a rufe wasu gidaje, a watse.

Shi kuwa sai ya aika wa masu kantuna sammaci.

A watan Maris na 1913 aka fara zama a wani otal a Shikago, ɗaki cike da 'yan jarida, aka jero manyan 'yan kasuwar birnin suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga hannu suna rantsuwa. Tambayoyin ba su da wani lauje cikin naɗi. Mata nawa ke maka aiki, nawa kake biyan wadda ta fi kowa ƙarancin albashi, a ganinka nawa mace ke bukata a sati ta ci ta sha ta biya haya in ba ta da kowa a gari, sannan ribar kamfaninka nawa ce bara. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi musu zafi. Na kamfanin Marshall Field, James Simpson, ƙin faɗin riba ya yi. Wanda ya fi jan hankali shi ne Julius Rosenwald shugaban Sears, Roebuck, kamfanin da ke sayar da kaya ta gidan waya zuwa kowane lungu na Amurka. Ya ce mata sama da 4,700 ke masa aiki, matsakaicin albashinsu dala 9 da 'yan kai a sati, ƙananan 'yan mata sababbin shiga kuma dala 5, alhali ribar kamfanin miliyoyin daloli ce a shekara. Da aka tambaye shi ko yana ganin ƙarancin albashi na tura mata karuwanci sai ya ce shi a ganinsa kusan babu alaƙa, tarbiyyar gida ce kan gaba.

Ni dai ba na ganin Rosenwald a matsayin mugun mutum, kuma wanda ya san tarihinsa ba zai ce haka ba. Shi ne daga baya ya zuba dukiyarsa aka gina makarantu kusan 5,000 domin 'ya'yan baƙaƙen fata a kudancin Amurka lokacin da gwamnatocin jihohin can suka yi watsi da su. Amma ai abin da ya sa amsar tasa take da nauyi kenan, mutumin kirki ne mai kyauta, kuma yana cikin mambobin wancan kwamiti na 1911 wanda rahotonsa da kansa ya ambaci ƙarancin albashi, amma da aka zo kan littafin albashin kamfaninsa sai ya kasa ganin abin. Kyauta daban, haƙƙin ma'aikaci daban, kuma mutane da yawa sun fi son ta farkon don ita ake yabo a kai.

Hujjar da masu kantunan suka fi kafewa a kai ita ce wai yawancin 'yan matan a gidan iyayensu suke, ba sa biyan haya, albashin na kwalliya ne da ɗan taimakon gida. Wasu kantunan ma sai yarinya ta ce a gida take kafin a ɗauke ta. To yarinyar da ta zo daga ƙauye ba ta da kowa me za ta ce? Dole ta ce a gida take. Ka ɗauki dala 5 ɗin nan ka baje a tafin hannu. Kuɗin taragon cikin gari santi 5 ne, zuwa da dawowa santi 10, kwana shida a sati santi 60 sun tafi tun ba ta sa komai a baki ba. Abin da ya rage a ciki za ta biya ɗaki, ta ci abinci sau uku, ta yi wanki, ta sayi takalmi don a tsaye take wuni bayan kanta, kuma dole ta fito tsaf-tsaf saboda matan masu kuɗi take yi wa ciniki, ga sanyin Shikago da ba a shiga sai da babbar riga. Ranar da ta kwanta ciwo ba albashi. Lissafin da aka fi tsayawa a kai a zaman shi ne dala 8 a sati shi ne mafi ƙarancin abin da mace mai zaman kanta za ta rayu da shi a birnin, kuma dubban mata ba sa samun hakan. Kwamitin ya saurari 'yan matan su ma, da yawa an ɓoye sunayensu, ciki har da waɗanda suka riga suka faɗa harkar, suna faɗin nawa ake biyansu kafin su bar aikin.

Labarin ya bazu ko'ina a ƙasar, jaridu suka yi ta bugawa a shafin farko, O'Hara ya rubuta wa gwamnoni yana neman su yi irin binciken a jihohinsu, ya kwashi kwamitin suka je Washinton suka ga shugaba Wilson wanda bai fi sati uku da hawa mulki ba. Wasu kamfanoni, don gudun kunya, suka ƙara wa ma'aikatansu mata albashi da kansu. Kuma a wannan shekara ta 1913 jihohi takwas suka yi dokar mafi ƙarancin albashi ga mata, Kalifoniya, Kolorado, Minesota, Nebraska, Oregon, Yuta, Washinton da Wiskonsin, bayan Masacusets da ta fara a 1912. Ba zan ce O'Hara ne ya jawo duka ba, ƙungiyoyin mata da na masu sayayya da 'yan ƙwadago sun yi shekaru suna wannan gwagwarmaya kafin a san da shi, amma ƙarar da zaman Shikago ya yi ta taimaka ƙwarai, ta sa maganar ta fita daga ɗakin taron masana ta shiga bakin kowa.

Sai kuma aka waiwayo kansa. Watanni kaɗan da fara binciken, lokacin da kwamitin ya fara leƙa Springfield babban birnin jihar, sai ga wata takardar rantsuwa ta ɓullo da sunan wata mata, tana zarginsa da cewa sun yi abin da bai dace ba a wani otal a Shikago. Ka duba dai, mutumin da ke shugabantar kwamitin yaƙi da lalata, magidanci, a ce shi aka kama da wannan. Majalisar dattawan ta kafa wani kwamiti ya binciki zargin, matar ta zo gaban kwamitin maganarta ba ta tabbatar da abin da aka so a jingina masa ba, aka wanke shi. Amma wanda ya shirya abin ya riga ya samu rabin abin da yake so, don makonni aka yi jaridu na maganar otal maimakon maganar dala 5, kuma irin wannan tabo ko an wanke mutum akwai waɗanda zargin kawai za su riƙe. Abin yana min ciwo wallahi, saboda babu wanda ya iya ƙaryata lissafin albashin, sai aka koma neman ɓata mai tambayar.

Ƙarshenta dokar da ya nema a jiharsa ba ta wuce ba. Majalisar da ta ba matan Ilinoi damar zaɓen shugaban ƙasa da na ƙananan hukumomi a watan Yunin 1913, jiha ta farko gabas da kogin Misisipi da ta yi haka, ita ce kuma ta kasa yin dokar albashi, don masu masana'antu da kantuna sun fi ƙarfi a wannan fagen, wasu shugabannin ƙwadago maza su ma ba su cika son gwamnati ta shiga tsayar da albashi ba, suna tsoron mafi ƙaranci ya koma mafi yawa. Rahoton kwamitin ya fito a 1916, kuma abin da ya sa a gaba shi ne talauci ne babban sanadin karuwanci, kai tsaye ko a kaikaice. Ilinoi ba ta yi dokar ba sai 1933, shekara 20 bayan zaman, sai da tattalin arziki ya durƙushe kowa ya ɗanɗana. A tsakani ma kotun ƙolin Amurka ta soke irin dokar a 1923 da hujjar wai ta tauye 'yancin ma'aikaci da mai aiki su yi yarjejeniya, sai 1937 ta sauya ra'ayi, a 1938 aka yi dokar tarayya ta santi 25 a awa, maza da mata.

Akwai inda nake ganin O'Hara ya gaza, kuma tun a lokacin wasu mata ma'aikata da masu fafutuka sun faɗa. Ɗaure maganar albashi da maganar karuwanci ya jawo jama'a, gaskiya ne, ɗan jarida ne ya san da albashi kaɗai ya kira zama ba wanda zai zo. Amma hakan ya sa ana yi wa duk yarinyar kanti kallon zargi, kamar dai duk mai ɗaukar ƙasa da dala 8 tana da wata hanya a ɓoye, alhali mafi yawansu haƙuri suka yi da yunwa da ɗaki mai sanyi suka riƙe mutuncinsu, kuma sun ji zafin wannan kallo. Sannan hujjar tana da rauni a gindinta, domin in dalilin biyan mace albashi mai kyau shi ne kar ta lalace, to duk attajirin da ya kawo shaidar cewa ma'aikatansa kamilai ne ya kuɓuta kenan, ya ci gaba da biyan dala 5. Haƙƙinta ne saboda gumin da ta yi, ko da babu gidan karuwai ko ɗaya a Shikago. Ga kuma samamen da kwamitin ya riƙa sa a kai wuraren rawa da shaƙatawa da dare ana kwaso mutane a kawo su ba da shaida, wanda ya fi kama da neman kanun labarai, ya kuma ba abokan gaba abin faɗa. Duk da haka in aka auna, na fi ganin nauyin abin da ya yi daidai, ya sa masu kuɗin da ba a taɓa yi wa tambaya a fili ba sun zauna a gaban jama'a da rantsuwa a bakinsu sun faɗi alƙaluma, kuma alƙaluman sun shiga takardun gwamnati.

A 1917 wa'adinsa ya ƙare, Oglesby ɗin da ya kayar ya dawo kujerar. Ya ɗan taɓa harkar fim, Amurka ta shiga yaƙin duniya na ɗaya ya koma soja ya kai manjo, ya dawo ya kama aikin lauya a Shikago, ya nemi gwamna a 1920 bai samu ba, a shekarun 1930 ya riƙa sharhi a rediyo. Shekara 30 da ɗoriya yana wajen mulki, wanda ga yawancin 'yan siyasa nan labari yake ƙarewa. Sai a 1948, yana da shekara 66, ya ci zaɓen majalisar wakilai ta tarayya daga mazaɓa ta biyu, kudancin Shikago, ya faɗi a 1950, ya dawo a 1952, daga nan bai sake barin kujerar ba sai Janairun 1969. Shi ne tsohon sojan yaƙin 1898 na ƙarshe da ya zauna a majalisar, kuma ya jefa ƙuri'ar goyon bayan dokar 'yancin baƙaƙen fata ta 1964.

A nan ne labarinsa ya ɗan taɓo mu. Daga 1959 shi ya riƙe shugabancin ƙaramin kwamitin majalisar wakilai mai kula da harkokin Afirka, daidai lokacin da nahiyar ke fita daga mulkin mallaka. A 1960 kaɗai ƙasashe 17 suka samu 'yanci, Nijar ranar 3 ga Agusta, Najeriya ranar 1 ga Oktoba, kuma yana kan wannan kujera lokacin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai ziyara Amurka a watan Yulin 1961 ya yi jawabi a zauren majalisar wakilan. Kwamitin Afirka ba wurin da 'yan majalisa ke rububi ba ne a zamanin, ba kwangila ba ƙuri'a, amma dattijon ya riƙe shi kusan shekara goma yana jan hankalin abokan aikinsa su ɗauki sababbin ƙasashen da muhimmanci, a 1965 kuma yana cikin wakilan Amurka a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya.

Siyasar Shikago ba ta barin kowa. A 1966 wani matashin ɗan majalisar jiha, Abner Mikva, ya ƙalubalance shi a zaɓen fidda gwani, da kyar O'Hara ya sha. A 1968 magajin gari Richard Daley da jam'iyya suka janye masa goyon baya suka koma bayan Mikva, shi kuma yana da shekara 86 ya ƙi janyewa, ya tsaya aka kayar da shi. Kujerar kwamitin Afirka ta koma hannun Charles Diggs na Ditroit, baƙar fata, wanda ya mayar da ita fagen matsa wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu lamba. O'Hara ya rasu a Washinton ranar 11 ga Agusta 1969 yana da shekara 87, aka kai shi Shikago aka binne a maƙabartar Oak Woods.